Burodin Ƙaramin Jirgi

Wani ne a Buza, ɗan sayar da albasa. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya taɓa shiga jirgin sama, babban jirgi daga Yamai zuwa Wagadugu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Amma shekara uku ya yi yana damun mutane da labarin. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya san yadda ya jawo zancen.

"Ku ba ku san duniya ba," in ji shi. "Kana zamne, madam ta taho da hwaranti. Cinyar kaza, shinkahwa, burodi, hal da ɗan tsumma mai ɗumi na shahe hannu. Kuma kyauta!"

Rannan sai ƙungiyar masu albasa ta ce shi zai wakilce ta a wani taro a Yamai, aka miƙa masa biye, wato tikitin jirgi, daga Tawa. Murna kamar ta kashe shi. Tun daga azahar ɗin jajibiri ya daina cin abinci, wai yana gyara wa kaza wuri. Da safe matarsa Cima ta dama fura ta kawo masa, ya ture ƙwaryar.

"Ke, mai shiga jirgi ka shan hura? Ki ba yara."

Ya isa filin jirgin Tawa cikinsa na kuka. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya tambayi wani ma'aikaci ina jirgin. Aka nuna masa wani ɗan abu mai kujera takwas.

"Wanga? Ɗan nashi na. Ina uwar?"

"Malam, shi na ka tahiya. Hau kilo."

"Kilo? Ni buhun albasa na? Babban jirgi ba a auna mutane!"

"Nan ana aunawa. Hau."

Ya hau yana ƙunƙuni. Yana saukowa ke nan sai ya ga wanda ke bayansa a layi: surukinsa ne, Malam Aƙilu, mahaifin Cima, za shi Yamai wurin likitan ido. Nan take ya tuɓe takalma ya durƙusa har ƙasa. Kun dai san al'ada. Mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, balle ya motsa baki da abinci a gabansa. Shekara goma sha biyu da auren, tsohon bai taɓa ganin ya kurɓi ko ruwa ba.

To, ƙaramin jirgi da nauyi ake raba kujeru, don kada ya karkace a sama. Matuƙin ya duba takarda, ya ga gogan da surukinsa ne nauyinsu ya zo daidai, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Da gogan ya ci tuwonsa ya sha furarsa, da ya ɗara tsohon kilo biyu ya tsira.

Ya lallaɓa ya raɗa wa matuƙi, "Don Allah a sake mini wuri. Surukina na."

"In ka tashi nan, jirgi shi karkace."

"Shi ɗan karkace kaɗan, mi a ciki?"

Matuƙi ya wuce kujerarsa.

Jirgi ya tashi. Gogan yana ta waige, yana jiran madam. Babu madam. Can sai mataimakin matuƙi ya miƙo wani kwali ta baya, ko juyowa bai yi ba.

"Kowa shi ɗauki guda, shi miƙa ma na baya."

Burodi ne da sardin a ciki. Ba kaza ba ce, amma ga wanda tun azahar ɗin jiya bai ci ba, ƙamshin kaɗai sai da ya sa masa hawaye. Ya ɗauki nasa, ya riƙe. Malam Aƙilu kuwa ya yi bisimilla, ya kama ci a natse, mai yana bin gemu.

Gogan ya ce bari ya ɓuya a bayi ya ci. Ya tambayi na gabansa ina makewayi.

"Yamai," in ji mutumin.

Ya ce bari ya juya wajen taga. Kujerarsa ce kaɗai ba ta da taga. Sai ya ja babbar riga ya lulluɓe kansa da burodin gaba ɗaya. Ya buɗe baki ke nan, tsoho ya taɓa shi.

"Lahiya, ɗana?"

"Addu'a nika yi, Baba."

"Madalla. Ɗaga murya in ce amin."

Haka ya yi ta jero addu'a cikin riga, burodi na shafar hancinsa, tsoho na amin, har sauran fasinjoji suka sa baki. Da ya fito, gumi sharkaf, Malam Aƙilu ya leƙa hannunsa da ido mai lafiyar.

"Ba ka ci naka ba?"

"Na ƙoshi, Baba."

"To kawo. Ɓarnar abinci ba ta da kyau."

Da hannu biyu ya miƙa, kansa a sunkuye. Yana ji, yana gani, har ɓurɓushin tsohon ya tsince.

Da aka sauka Yamai, wani fasinja ya tambayi gogan, "Kai da ka san jirage, yaya ka ga wanga?"

Haushi ya sa ya manta da kunya. "Wanga jirgi na? Babba ya hi shi nesa! Can ana girmama baƙo, ana ciyar da shi!"

Malam Aƙilu ya tsaya da sakace. "Can ɗin hwaranti nawa anka ba ka?"

"Guda, Baba."

"To ka bar ɓata ma mutane suna. Nan ni biyu ni samu."