Layin Bulo Uku a Lungunmu

Abin da ba zan taɓa mantawa ba a zamana na Kontagora shi ne ranar da birkila ya yabi aikinsa a gaban mutanen unguwarmu.

Shekara uku kafin nan, ma'aikata suka zo suka shafa wa katangunmu jan fenti, wai za a faɗaɗa hanya a gina babbar kwata. Daga nan shiru. Kullum bayan La'asar sai musu a dakalin masallaci, wasu na cewa aiki ya mutu, wasu na cewa yana tafe. Ni ne jagoran masu cewa yana tafe (tsohon malamin firamare ne ni, na saba in yi magana a yi tsit).

Maƙwabcina Baba Ɗanrijau, dattijo mai sayar da hatsi, gidansa na gangare da nawa. Wata rana ya ce, "Malam, mu yi gayya mu yashe tsohuwar kwatar nan kafin damina. Ginina na ƙasa ne."

Na ce, "Haba Baba, mu yashe abin da za a fasa gobe? In suka ga mun gyara sai su ce ba mu da matsala, su kai aikin wata unguwa." Har na ƙara da cewa na ga taswirar aikin da idona (a wayar wani na hango ta, ban ma sa tabarau ba). Jama'a suka bi bayana, aka watsar da maganar gayya.

To, da hadari ya fara haɗuwa sai tsoro ya kama ni. A ɓoye na kira Isiya birkila, ya jera mini bulo layi uku a lungun da ke bayan katangata, inda ruwa ke bi. Ban faɗa wa kowa ba. Matata ma ce mata na yi don awaki ne.

Cikin Agusta aka tafka ruwa tun Azahar har La'asar. Kwata ta toshe, ruwa ya kwararo lungu, ya daki bulona, ya juya gidan Baba. Katanga ta faɗi, ɗaki biyu suka zauna, hatsinsa ya jiƙe kaf. Matarsa Inna Larai ta karye a ƙugu wajen fitowa.

Washegari da hantsi muka taru jaje a ƙofar gidansa. Maimakon in kama bakina, sai na gyara hula na hau jawabi: "Alhakin nan yana wuyan waɗanda suka shafa fenti suka tafi." Ana ta gyaɗa kai sai ga Isiya. Bawan Allah bai san dawan garin ba, ya miƙo mini hannu yana murmushi.

"Malam, ka ga aiki ko? Ai na faɗa maka layi uku ya isa. Ko ɗigo bai shiga gidanka ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Babu wanda ya zage ni. Ɗaya bayan ɗaya suka nufi lungun, ni ma na bi su kamar ban san hanya ba. Ga bulo a tsaye ƙyam, ga sawun ruwa ya lanƙwasa ya nufi inda ɗakin Inna yake a da.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ashe kai ma ba ka yarda za su zo ba, Malam. Da ka faɗa mini, ai ko buhun yashi ne da na jera."

Bai ƙara damina a unguwar ba. Ɗansa ya kwashe su zuwa Kaboji, kuma har yau Inna da sanda take tafiya. Na je na nemi gafara ya ce ya yafe, amma ni abin bai sake ni ba.

Abin da na koya shi ne, in tsoro ya kama ka har ka nemi birkila, fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka. Yanzu in musu ya tashi a dakali aka ce, "Malam, me ka gani?" sai in ce kunnena ya yi nauyi.