Yaƙin Nafi'u da Wutar da Ta Ƙi Ɗaukewa

Wannan shi ne tarihin Injiniya Nafi'u, ɗan Ɗantani mai gyaran rediyo, jikan Barau wanda ya fara haska tocila a unguwarsu, Sadaukin Waya, Garkuwan Batir, gwarzo abin tsoron linzamin kwamfuta, ma'aikacin gwaji a wani ƙaramin kamfani da ke Tudun Wadan Zariya.

Kamfanin na harhaɗa na'urar ajiye bayanan marasa lafiya. A can cikin ƙwaryarta akwai ƙananan manhajoji biyu da ake kira direbobi, ɗaya na kula da caja, ɗaya na kula da ma'ajiya, kuma ba sa ga maciji. In aka ɗauke wuta na farkon ya sani, amma ba ya gaya wa ɗan'uwansa, sai batir ya ƙare bayanai su salwanta. Manaja, Alhaji Gambo, ya yanke wa'adi: zuwa Juma'a Nafi'u ya sulhunta su a tabbatar da shi a aiki, ko ya nemi wani wurin.

Ranar Talata da hantsi sadauki ya naɗe hannun riga, ya yi basmala, ya afka wa abokan gaba da layi goma sha ɗaya na umarni, waɗanda ya ce tun daga Zazzau har Birnin Sin ba a taɓa rubuta irinsu ba. Abu ɗaya ya rage: a ɗauke wuta ya gwada.

Ba a ɗauke ba.

Garin da ake ɗauke wuta sau tara a wuni ya yi kwana uku fitila na ci. Dattawa suka ce ba su taɓa gani ba. Nafi'u ya kafa sansani gaban na'urar, ya ƙaurace wa mai shinkafa da wake, ya buga wa ɗan'uwansa waya a Sabon Gari ko can an fara ɗaukewa, ya ɗaga kai ya yi wa ƙwan lantarki kirari: "Mutu in ka isa! Ni ne ɗan Ɗantani!"

Ran Juma'a, sha ɗaya da rabi, Malama Ladidi sakatariya ta shigo da waya a hannu.

"Injiniya, ɗan gusa," ta ce, ta miƙa hannu ta zare filogin na'urar daga bango, ta cusa cajarta.

Na'urar ta yi ƙara, ta rubuta: an katse wuta, an adana komai.

"Allahu akbar! Nasara!"

"Nasarar me? Ni caji nake nema."

Alhaji Gambo ya zo ya saurari bayani, ya dubi soket, ya dubi kujerar jarumi. Tsakaninsu bai kai kamu biyu ba.

"Wato kwana uku kana zaune a nan?"

"Ranka ya daɗe, ai ba su ɗauke ba ne."

Alhaji ya ƙara masa wata uku na gwaji. Ya kuma ce nan gaba in za a gwada wani abu, a kira Ladidi.