Hancin Tabawa da Daddawar Batso

"...da gajiya, amarya? Ina jin muryakki tun daga ƙohwa kamar an toshe ma jaki baki da tsumma."

Ɗayyabu ke nan, jikan Tabawa, wanda bara ya dawo daga yaƙin Jamus. Ita kuwa Tabawa duk Babankatami an san ta da daddawar batso. Ba ta ƙidaya kwanakin rufi, tana buɗe tukunya ta shinshina ta ce ta nuna ko da saura. To, mura ta toshe wannan hanci, jikan ya samo mata maganin ɗigawa wurin lokotoro, wato likita, a Madawa. Yau kwana tara, hanci ya ƙara liƙewa, ga tukunya uku a rufe, gobe kasuwar Buza. Tsoro ya kama ta sosai, amma ba ta son ja'irin nan ya gani.

"Ka zaka ganin gawata, mijin banza? Guba ka kawo min don ka gaji akuyoyina."

"Akuyoyin da sun ka girme ni? Ina butalin maganin?"

Ta zaro 'yar kwalbar daga cikin battar tabarta. Saura ɗan kaɗan a gindi.

"Innalillahi! Tsohuwa, miya kin ka yi da shi? Mi na hwaɗa miki? Ɗigo biyu kowace ƙohwar hanci, sahe da marece, kwana ukku ki aje!"

"Kai ka hwaɗi. Shi hancin cewa ya yi a ƙara. Da na ɗiga shi buɗe, can shi ruhe, in sake ɗigawa."

"Shi lokotoro ya ce! In an wuce kwana ukku, maganin da kansa ka kumbura hanci. Amma ke ɗai ba ki sha wannan duka ba."

Ta gyara kallabi. "To, baƙuwa ta zaka, in miƙa mata taba in hana ta sabon abu? Gogo ta ɗana, Iya ta ɗana. Zaliha ma lahiyatta lau, ta ce dai a sam mata."

"Da tsinken ɗigawa guda? Hancin tsohin garin ga duka? Wallahi ko a bariki ba mu yi cokali guda ba! Shi ya sa na wuto Gogo tana atishawa kaji na gudu."

"Rowa kun ka koyo wurin Nasara."

"Kawo shi. Daga yau sai ruwan gishiri mai ɗumi da sirace. Kwana bakwai hancinki shi dawo."

"Bakwai? Daddawata ta jira ka?" Muryarta ta ɗan karye, sai ta rufe da tari. Shekara arba'in ba ta taɓa kai ɗanya ko ruɓaɓɓa kasuwa ba. Ta dube shi sama da ƙasa. "Ara min naka hancin. Ga shi nan kamar galma, ba shi aikin komi."

Ya buɗe tukunyar farko, ya ja da baya har ya taka kaza.

"Ta mutu! A yi mata salla!"

"Sakarai, haka take. Hwaɗa min, warin mi?"

"Takalmin soji."

"Na tahiyar ina?"

Ya sake sunkuyawa, ido na hawaye. "Daga nan zuwa Buza."

"Da saura. Ruhe. Ta biyu?"

"Wayyo! Wagga ta kai Madawa, a ƙasa, da rana tsaka."

"Da ɗan zaƙi-zaƙi can ƙarshe?"

Ya ƙara ja. "Kin san... akwai. Kamar mai takalmin ya taka zuma."

Tabawa ta rangaɗa guɗa, ta fito ta toshasshen hanci kamar kukan agwagwa. Dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango. Ta uku ma ta kai Madawa.

"Amshi butalinka, na tuba," ta ce tana share ido. Ta dunƙula curi na fari, mai ɗumi, ta danƙa masa a hannu. "Wanga ko kakanka bai taɓa samu ba. Amma in ka hwaɗa ma kowa da hancinka na ji, na sake ka."

"Ni in hwaɗi? In mata sun ka ji na iya, wa za shi ƙara barin in zamna?"