Wata Fam Ɗin Da Na Kai Gareji

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Laraba ba (na duba agogo ina saukowa daga babur, saboda haka ba ƙiyasi nake yi ba). Wurin kuwa garejin Oga Bulus ne, nan bayan unguwarmu ta Dutsen Kura a Minna. Waɗanda ke wurin su huɗu ne: Oga Bulus bakanike, Ɗanjuma mai fenti, Maman Talatu mai shinkafa da wake, sai wani dattijo cikin farar babbar riga, yana zaune a benci yana jiran a gama masa gyaran mota. Ban san shi ba. Na biyar ni ne, da kayana.

Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari mai tsalle.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da siton wata makarantar kwana. Karatuna bai wuce aji bakwai ba, amma ko tsintsiya ba ta taɓa fita daga hannuna ba tare da takarda ba. Da na yi ritaya sai na yi abu biyu. Na farko, na kama noman rani a wata 'yar fadama kusa da Tagwai, na sayi injin ban-ruwa mai inci uku, wanda mu manoman wurin muke kira wata fam. Na biyu, na sayi mota 'yar Kwatano, ta farko a rayuwata. Tuƙi na koya. Abin da ke ƙarƙashin bonet kuwa, ban taɓa ganin dalilin leƙawa ba.

To, a makon nan an ɗora mini nauyi. Habibu ɗan ƙanena ya ga yarinya a Wushishi, ni ne babba a gidanmu, ni zan jagoranci masu neman aure ranar Asabar. An kuma gargaɗe ni cewa baffan yarinyar, Alhaji Garba, mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya duban saurayi, manyansa yake dubawa, kuma ya taɓa mayar da wasu masu nema saboda ya ce wakilinsu ba shi da natsuwa. Na ce in dai natsuwa ce, Habibu ya je ya ɗinka rigar angwanci.

Ranar Litinin motar ta fara wani ƙara kamar ana soya gyaɗa, ruwa na ɗiga a ƙasanta. Na kai wa Oga Bulus. Talata da yamma ya kira ni a waya, ya ce ya kwance gaban injin, bel ɗin da ke daidaita tafiyar injin ya tsattsage, in ya tsinke a hanya sai an sauke injin gaba ɗaya. Ya ce in zo masa da tamin bel da wata fam gobe da safe. Na ɗauko biro na rubuta: ɗaya, tamin bel. Biyu, wata fam.

Maiɗakina tana gefe tana tsince shinkafa. Ta tambaye ni me bakanike zai yi da injin fadama. Na yi mata bayani cikin haƙuri cewa in an buɗe inji dole a wanke shi da ruwa mai ƙarfi kafin a ɗaura sabon abu, kowa ya san wannan. (Ba wanda ya gaya mini. A take na ƙirƙiro shi, kuma da na ji shi daga bakina sai na yarda.) Ta ce in sake kiransa mana in tabbatar. Na ce mata ban taɓa tambayar ma'anar kaya sau biyu ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Allah ya sake ba ni dama a shagon kayan mota. Mai shagon ya miƙo mini bel, ya ce wata fam fa, Baba, ai tare ake canja su. Na ce ina da nawa a gida, mai inci uku, bai fi shekara ba. Ya dube ni, ya karɓi kuɗin bel ɗinsa. Ni kuwa na fito ina jin daɗin na tsere wa wayon 'yan kasuwa.

Haka na ɗauki 'yan acaɓa biyu. Na gaba ya ɗaure injin a bayansa da roba. Ni ina kan na baya, na naɗe tiyo biyu a kafaɗa kamar mai wasa da maciji, bel ɗin na cikin aljihu. Muka shiga gareji a jere.

Oga Bulus ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. Ya karɓi bel, ya ce daidai. Sannan ya ga ana sauke injin.

"Baba, wannan fa?"

"Lamba ta biyu," na ce, na nuna masa takarda.

Ya dubi takarda, ya dubi injin, ya dube ni. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya, kafaɗunsa na rawa, ba sauti. Da ya samu numfashi ya kira Ɗanjuma ya zo ya ga wata fam ɗin Baba. Maman Talatu ta bar ludayi a tukunya ta taso. Oga Bulus ya je gaban motata ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai farfela, bai fi tafin hannuna ba, ya ɗora shi a kan injina kamar ɗan tsako a bayan saniya. Ya ce wannan shi ne wata fam na mota, shi ke zagaya da ruwa don kada inji ya yi zafi, kuma bel ɗin nan ne ke juya shi, shi ya sa in an buɗe ake canja su tare.

Nan ne ya kamata in yi dariya in ce na yi kuskure. Da an gama a minti biyu. Amma ga baƙon dattijo yana kallo, ni kuma ban saba a yi mini dariya ba. Sai na gyara hula na ce na san wannan ƙaramin sarai, yanzu zan je in sayo shi. Babban na kawo ne don a wanke inji. Oga Bulus, yana share hawaye, ya ce ba a zuba wa inji ruwa yana buɗe. Na ce to a wanke filin garejin, don ƙazantar wurin ta daɗe tana damuna.

Ba wanda ya hana ni. (Har yau ina riƙe da su a kan wannan.) Akwai duro cike da ruwan da suke wanke ƙarafa, baƙi wuluk, mai na yawo a kansa. Na zura tiyon zuƙa a ciki, na ɗura wa injin ruwa, na miƙa wa Ɗanjuma ɗaya tiyon na ce ya riƙe da hannu biyu. Na ja igiya. Injina bai taɓa ba ni kunya ba, ja ɗaya ya tashi.

Ɗanjuma dariya ta riga ta kashe masa hannu. Tiyo ya ƙwace ya shiga rawa. Zan faɗi abin da ya bi a jere, don na gani da idona. Na farko, murfin tukunyar Maman Talatu ya tashi sama. Na biyu, rediyon Oga Bulus ya yi shiru. Na uku, tiyon ya juya ya tsaya cak a kan dattijon nan, kamar an aike shi, bai kauce ba sai da duro ya ƙare. Hularsa ta bi ruwa ta shige ƙarƙashin mota. Farar riga ta koma kalar tsumman gareji.

Na kashe inji. Ruwa na ta ɗiga daga gemun dattijon. Na durƙusa ina ba da haƙuri, ban ma san me nake faɗa ba. Ya matse hannun riga a hankali, ya ce, "Malam, injin nan naka na da ƙarfi. Inci nawa ne?"

"Uku, ranka ya daɗe." Ita ce gaskiya ɗaya tak da na faɗa a garejin ranar.

Na sayo ƙaramin, Oga Bulus ya ɗaura su tare, Juma'a mota ta tashi lafiya lau. A gida na ce an yi amfani da injin, ban ƙara ko kalma ba.

Asabar muka isa Wushishi, ni da ƙanena da limamin unguwarmu, da goro da alawa. Na tsara jawabina kashi biyar. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka ce ga Alhaji Garba nan fitowa. Ya yi sallama ya shigo. Gemun na fara ganewa.

Kashi biyar ɗin nan suka watse, ko ɗaya bai tsaya ba. Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Habibu cewa baffansa ya wanke masa aure da ruwan gareji. Alhaji ya gaisa da liman, ya gaisa da ƙanena, ya zo kaina ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Malam, ya gida? Ya iyali? Ya inci uku?"

Daga nan ya zauna ya ba wa zauren labari tun daga shigowar babura, har yana kwaikwayon yadda na gyara hula. Liman ya yi dariya har ya ƙware. Ƙanena, wanda tun yana yaro bai taɓa yi mini dariya a fuska ba, ya fita waje ya daɗe. Da aka lafa, ni dai na ce mun zo neman iri ne, in an hana mu ba mu da bakin magana. Alhaji ya shafa gemunsa. Sannan ya ce ya san yadda mata ke wahalar ruwa a Minna in famfo ya ɗauke, saboda haka gidan da ke da irin wannan inji bai kamata a hana su mata ba. Ya ce ya ba Habibu, da sharaɗi ɗaya: ranar ɗaurin aure in zo hannu sake, ba inji.

An yi biki, yau 'ya'yansu uku. Ni kuwa daga Dutsen Kura har Wushishi ba mai kirana da sunan da ubana ya raɗa mini, sai Baba Inci Uku, har jikokin. Na gane cewa rashin sani bai jiƙa kowa ba, gyaran hular ne ya jawo ambaliya.

Roƙona gare ka mai karatu guda biyu ne. Na farko, in bakanike ya ce ka kawo wani abu, ka ce ya ba ka tsohon ka riƙe a hannu ka tafi da shi kasuwa. Na biyu, in ka zo unguwarmu ka gan ni a ƙofar gida, don Allah ka yi sallama kawai, kada ka tambaye ni ya injin.