Ranar da Na Nome Furannin Maman Rahila

Ba zan taɓa mantawa da tayoyin nan ba. Su na fara gani ranar da na je gidan su Rahila, 'yar ajinmu, a kwatas ɗin ma'aikatan jami'a a Samaru. Tsofaffin tayoyin mota ne guda biyar, an shafa musu farin fenti, an cika su da ƙasa, kowace da abin da ke tsiro a cikinta. Mu ma a gidanmu na haya a Sabon Gari akwai taya, amma a kan rufi take, tana danne kwano saboda iska. Tsakar gidanmu siminti ne tun daga ƙofa har bakin rijiya, kuma koren abin da muke da shi kawai shi ne gansakukar bakin kwata.

Ina aji biyu a sakandare lokacin. Zango guda na yi ina jiran Rahila ta gayyace ni, kuma tun a cikin bas nake addu'ar kada wannan zuwa ya zama na ƙarshe.

Maman Rahila ta zagaya da ni. Fasassun bulo ta jera a gefen hanya, ta zuba tsakuwa a tsakiya don kada ciyawa ta fito, ruwan wankin shinkafa kuma shi ne na ban-ruwa.

"Ban sayi ko ɗaya ba, 'yata," in ji ta. "Reshe nake roƙa wurin matan coci in soka a ƙasa. Wanda ya rayu nawa ne, wanda ya mutu ya huta."

Daga nan ta fita buga waya wurin mai wayar kuɗi da ke ƙarƙashin lema a bakin titi, Rahila ta shiga soya mana doya, aka bar ni ni kaɗai. Sai maganar mahaifiyata ta faɗo mini: "In kin je gidan mutane kada ki zauna kamar hoto, ki nemi aiki ki yi." Na duba, ko'ina a share yake. Can na hango wata ciyawa mai jan kara da ƙananan ganye, ta yaɗu a jikin bulon nan har ƙofar falo. Irinta sak muke cirewa a gonar kakana a Zabi lokacin hutu (a lissafi ban taɓa wuce na talatin ba, amma a noma ba na jin tsoron kowa). Na naɗe siket, na durƙusa. Kowace na tuge sai na karkaɗe ƙasar saiwarta yadda aka koya mini, na tara su tsibi guda a gefe.

Rahila ta fito da faranti, ta tsaya cak.

"Ke! Me kika yi?"

"Ciyawa na cire muku."

"Ciyawa? Furen ƙarfe goma ne! Da safe yake buɗewa, da rana ya rufe. Wayyo, yau Mama za ta yanka mu!"

Ƙarfe uku ya wuce a lokacin. Ina zan sani?

Maman Rahila ta dawo, ta kalli ƙasar da ta yi tas, ta kalli tsibin, ta kalli gwiwoyina.

"Gaskiya an koya miki aiki," ta ce a ƙarshe. "Ko saiwa ɗaya ba ki bari ba."

Nan na fashe da kuka. Ita kuwa dariya ta kama ta har sai da ta dafa bango.

"Share hawayenki. Wannan ba ya fushi, shi ya sa na shuka shi. Ko wurgar da shi kika yi, in ya taɓa ƙasa zai tashi. Zo mu mayar."

Mu uku muka mayar da shi, doya ta huce a faranti. Tun ranar, in na shiga gidan mutane, sai na tambaya kafin in yi musu alheri.

Da zan tafi na ga ragowar karare a inda na yi tsibin. Na tuna wani gwangwanin madara da ke tagar ɗakinmu babu komai a ciki. Sau biyu ina buɗe baki kunya tana hana ni, sai da muka kai bakin get.

"Mama, don Allah, ko zan iya tafiya da guda uku? Ina so in ga yadda yake da safe."