Dodon da Ya Durƙusa

Yarana sun ga 'ya'yan Turawa a waya suna bikin shigar dodanni, suka dame ni sai na yi musu fuskokin takarda. Na ce ƙaramin aiki ne, ni da na yi suna wajen zane tun firamare. Na sayo kwali da fenti a kasuwar Gamboru, na yanka wa kowa tasa, tawa kuwa har da ƙaho.

Matata ta ce, "Baban Falmata, ɗaura da zare mana."

Na ce, "Zare ai na yara ne." Na shafa gam mai ƙarfi, na manna kwalin a fuska har kan gemu.

Na laɓe a zaure ina jiran yaran su dawo daga shago. Ina jin motsi na daka tsalle da gurnani. Ashe surukata ce ta sauko daga keke-napep. Ko ihu ba ta yi ba. Ta ce "A'uzu billahi," ta cire takalmi ta hau ni da duka.

Na fizgi kwalin, gemu ya ce bai san zancen ba. Dole na durƙusa da ƙahona na ce, "Hajiya, ni ne. Sannu da zuwa."

Sai da wanzami ya aske ni tas kafin fuskata ta fito. Har yau in Hajiya ta bugo waya, takan ce wa 'yarta, "Ya jikin dodon? Ki ce masa na sayi sabon takalmi."