Ɗakin Siginar Simpang Lerek Ya Rasu da Jirgi a Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu masu cike da sanyin ƙashi, Pak Cik (wato Baffa) Deraman bin Kulop, tsohon mai kula da sigina, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin ma'aikatan reluwe rasuwar abokin zamansa, Ɗakin Sigina na tashar Simpang Lerek. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, sa'ad da matakalarsa ta zube gaba ɗaya, bayan jinyar shekara goma sha ɗaya. Ya rasu yana da shekara casa'in da takwas. Ana roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in ya san gidan Sinniah na tashar Batu Karang, ya je ya karanta masa ita da ƙarfi. Idonsa ya yi rauni, kuma rabin maganar tasa ce.

An haifi marigayin a zamanin Turawa, ƙasansa jan bulo, samansa katako, tagogi ta kowane gefe. Ya buɗe ido yana kallon gonakin roba, ya rufe yana kallon kwakwar manja. A cikinsa akwai hannayen ƙarfe ashirin da huɗu a jere, jajaye na ɗaga sigina, baƙaƙe na juya layi.

Kowa ya shaida marigayin ba ya ƙarya, kuma bai taɓa haɗa jirage biyu a layi ɗaya ba. In ka ja hannun da bai kamata ba, sai ya ƙi motsi, ko kai ɗan wane ne. Wani babban jami'i ya taɓa gwada ƙarfinsa a gaban baƙi, ya tashi da ciwon baya na mako biyu. Ba ya son a taɓa shi da hannu tsirara, don gumi na sa ƙarfe tsatsa, sai da tsumma. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye ba: in damina ta kankama yana yoyo, daidai kan kujerar mai aiki, ko ina aka matsar da kujerar.

Ba mai yawan magana ba ne. Matakalarsa takan ce ƙiii a taki na bakwai. Hannayensa sukan ce garam in sun zauna. Sauran zancensa duk a ƙararrawa yake.

Layi ɗaya ne tak tsakanin Simpang Lerek da Batu Karang, kilomita goma sha huɗu, waya kuma ta haɗa ƙararrawar nan da ta can. In jirgi ya tashi daga nan, sai Pak Cik Deraman ya buga tan-tan, wato ga shi nan tafe. In ya isa can, sai Sinniah, mai kula da siginar can, ya buga tan-tan, ya dakata, tan. Wato ya iso lafiya, hanya a buɗe take. Kafin a ji wannan ukun, a ƙa'ida jirgin yana hanya, kuma mai aiki ba ya tashi daga kujera. Shekara ashirin da shida suna haka. Daga bugun kawai Deraman kan gane ko Sinniah ya karya kumallo, ko ya yi faɗa da matarsa. Deraman yana kiransa Anne, wato yaya, shi kuma yana ce masa Tambi, ƙane. Akwai wani kwanon jere, mai hawa-hawa, na matar Sinniah da ke zirga-zirga a hannun kwandastan jirgi: da Sallah ya tafi da nama da shinkafar kwakwa, da bikin fitilu na su Sinniah ya dawo da soye-soye da zaƙi. A faɗar kwandastoci, babu fasinjan da ya kai kwanon nan tafiya ba tikiti.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da aka shimfiɗa sabon layi na lantarki, aka ce daga yau wasu da ke zaune a ɗaki mai sanyi a birni ne za su riƙa juya jirage da yatsa. Jirgin ƙarshe ya makara. Ya bar Simpang Lerek sha biyun rana saura minti goma. Deraman ya goge tsummansa, ya buga tan-tan, ya zauna jiran amsa. Shiru kake ji. Ya jira har azahar, ya jira har la'asar, sai da mai tasha ya hau da kwaɗo a hannu ya ce masa, "Pak Cik, don Allah ka sauko, ni ma ina da gida."

Sau ɗaya suka haɗu bayan wannan, a bikin 'yar wani direba.

"Anne, bugu uku kacal," in ji Deraman. "Hannunka ne ya karye, ko walimar ban kwana ce ta fi ni?"

"Kai, Tambi, ba ka da kunya!" in ji Sinniah. "Sau bakwai na buga, har yatsana ya yi zafi. Kai ne ka kulle ka tafi cin shinkafa."

"Ni? Ni na bar kujera da jirgi a hanya?"

"To, kurma ka zama ke nan."

Nan kowa ya ture farantinsa. An ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma su dai ba sa shekara goma sha ɗaya ba su gaisa ba.

Marigayin ya yi jinya cikin haƙuri. Gara ta fara masa ta ƙafa. Ɓarayin waya suka yashe masa hanji. Birai suka fasa tagogi, jemagu suka tare ba tare da sallama ba. Sau biyu kwamiti ya zo dubiya, aka yi alkawarin mai da shi gidan tarihi, aka ci abinci, aka ɗauki hoto, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sababbin jirage suna wucewa ta gabansa fuu, ko gaisuwa babu. Duk safiyar Juma'a Pak Cik Deraman kan hau ya shafa wa hannayen mai, ya kalli ƙararrawa, ya yi tsaki, ya sauko.

Ranar Laraba, kashegarin rasuwar, aka turo wani ma'aikaci ya auna gawar. Yana jan igiyar awo yana hira.

"Ai na san wurin nan, Pak Cik," in ji shi. "Ni na datse wayarsa, can wajen gada. Sha biyu daidai, yadda takarda ta ce."

"Sha biyu?" in ji Deraman. "Jirgin yana hanya a lokacin."

"To, ni takarda ba ta ce in jira jirgi ba."

Deraman ya nemi wuri ya zauna a kan tsohon katakon layi. Bai ci abincin rana ba. Matarsa, Mak Cik Piah, da ta ji labari, ba ta rage masa komai ba.

"Maigida, shekara sha ɗaya kana gaba da bawan Allah a kan almakashi! Ga waya nan, kira shi."

"Ba a kiran Batu Karang a wayar hannu. Ƙa'ida ba ta ce haka ba."

"Ƙa'ida, ko dai girman kai rawanin tsiya?"

Gaskiyar magana, kunya ce ta kama shi, da tsoro. Sinniah ya haura shekara saba'in da tara, bara ma sai da aka kwantar da shi a asibiti, kuma ba kullum ake samun jirgin da ya makara ya jira mutum ba.

Marigayin ya rasu ya bar Pak Cik Deraman da iyalinsa. Ya bar hannayen ƙarfe ashirin da uku, ɗaya ya riga shi tafiya a hannun 'yan gwangwan. Ya bar jemagu da ba a ƙirga ba, da tsumma ɗaya. Ya bar kwanon jere, a wanke, a kan kanta, wanda mai shi ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Deraman kuma bai je gaisuwa ba. Wannan ya ce a rubuta, kada a tsallake. Sannan ya bar jirgi guda mai tarago shida, wanda a ƙa'ida har yau yana hanya tsakanin Simpang Lerek da Batu Karang.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, a inda marigayin yake tsaye. Liman ya riga ya ja kunne cewa ba a yi wa katako salla, iyalan sun karɓa ba musu. Katafila ce za ta yi masa sutura. Mak Cik Piah za ta kawo shinkafar kwakwa a ganyen ayaba da shayi mai kumfa. Duk mai son taɓa hannayen ƙarfe a karo na ƙarshe ya zo da tsummansa.

An sa tsani an sauko da ƙararrawar, an ajiye ta a kan teburi a gindin mangwaro. An sayo sabuwar waya kamu goma, an ɗaura mata baki ɗaya. Ɗaya bakin yana kan wani teburin, babu komai a jikinsa, ga kujera da matashi a gefe. Ana jin cewa da aka rushe ɗakin Batu Karang, Sinniah ya tafi gida da tasa ƙararrawar. In haka ne, ya zo da ita. Direban katafila ya yarda ya jira, amma ya ce takardarsa ta ce sha biyu daidai.

Pak Cik Deraman ya ce a sanar da jama'a, a kuma karanta wannan layin sau biyu: Anne ya buga, sau bakwai.

Ya ƙara da cewa, "Ku gaya masa ba sai ya yi mini magana ba. Biyu, ya dakata, ɗaya. Zan zauna tun da safe, kuma wannan karon zan ji."